Faɗuwar Baban 'Yan Biyu

A shekarun da wayoyin Chana suka cika Minna, irin masu ƙarar nan da ake jin kiɗansu tun daga bakin titi, ina da wani ɗan shago a Kpakungu. Shago dai na ce, amma rabin kwantena ce aka yanka aka sa mata ƙofa. A ciki akwai teburi, da benci ɗaya, da tsohuwar kwamfutar da yayana ya bar mini lokacin da ya samu aiki a Abuja. Na gama karatu ban samu aiki ba, sai na shiga sana'ar turi: mutum ya kawo memorin wayarsa, in zuba masa abin da yake so, ya kama gabansa.

Da na fara, na ɗauka waƙoƙi da wa'azi ne za su riƙe shagon. Suna tafiya kam, amma ba abin da ya kai faɗa ja. Akwai kokawar Turawa, wadda muke ce wa resilin, inda ƙatti masu gashi har kafaɗa suke ɗaga juna suna makawa a kan teburi. Akwai wanda ake rufe mutum biyu a cikin keji kamar zakaru, sai ɗaya ya kasa tashi. Akwai kuma guntayen fina-finan mutanen da, inda ake turo bayi cikin fili da takobi da garkuwa, sarki na sama a zaune, jama'a na ihu a kashe. 'Yan acaɓa suna so, kanikawa suna so, har wani ma'aikacin ofis mai ɗaura laktaye yakan tsaya da yamma, ya rage murya ya ce, "Akwai sabo? Wanda akwai jini nake so." Ban taɓa ganin laifinsu ba, domin ni ma idan babu kowa a shagon, abin da nake kunnawa ke nan.

A lungun da ke bayan shagona akwai wani mutum da kowa ke kira Baban 'yan biyu. Lodin doya yake yi a kasuwa. Ya haura arba'in, gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya yawan magana. Daga can arewa ya zo tun yana saurayi, ya auri wata 'yar Bida, suka haifi tagwaye mata waɗanda a lokacin suke firamare. Kullum da safe idan zai wuce yakan ɗaga mini hannu ya ce, "Mai kwamfuta, an fito?" Wata rana da damina ruwa ya cika kwatar gaban shagona ya fara shigowa, shi ne ya zo ya ɗauke mini janareta shi kaɗai, ya ɗora a kan teburin mai shayi, bai ma tsaya na yi masa godiya ba. Na sha jin ana cewa ya yi dambe a ƙuruciyarsa, har yana da suna a garinsu, amma ban taɓa ɗaukar maganar da muhimmanci ba. A unguwa irin tamu, kowane tsoho yana da abin da aka ce ya taɓa zama.

Bayan sallar layya ta wata shekara, wasu 'yan dambe suka sauka a garin, aka kewaye wani fili da buhuna da zana, suka yi kwanaki suna wasa tsakanin La'asar da Magariba. Ban je ba. Sai ranar Litinin na ji labari a bakin masu zuwa turi cewa Baban 'yan biyu ya shiga fili, wani yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya kashe shi a turmi na uku. A dambe idan an kai mutum ƙasa sai a ce an kashe shi, ko da tashi zai yi ya karkaɗe wando. Shi kuwa bai tashi da kansa ba. An ce sai da aka yayyafa masa ruwa, aka sa shi a Keke aka kai shi gida.

Akwai wani mai kyamara a Tudun Fulani, bukukuwan aure da suna yake ɗauka, shi ne ya ɗauki damben don ya buga a faifai ya sayar. Yakan kawo mini aiki idan kwamfutarsa ta ƙi. Ranar Talata ya zo da abin da ya ɗauka don in juya masa. Da ya fita sallah, na buɗe wasan Baban 'yan biyu. Ban kalla ba. Jan linzamin kwamfuta kawai na yi ina neman inda aka ce an yi kisa, har na same shi: yaron ya kawo naushi ta ƙasa, ya samu haɓa, Baban 'yan biyu ya tsaya cik kamar wanda aka kira sunansa daga nesa, sannan ya tafi da baya gaba ɗaya, hannuwansa a buɗe.

A lokacin ina koyon wata manhajar yanka bidiyo, ina ɗokin nuna gwaninta. Na yanko wurin, bai kai minti ɗaya ba. Na maimaita faɗuwar sau uku, ta ukun na rage mata gudu yadda za ka ga gumi na fallatsa daga kansa. Na cire kiɗan filin, na ɗora irin kiɗan da ake sa wa 'yan resilin, sannan a daidai inda bayansa ya taɓa ƙasa na sa wata ƙara mai cewa tim. Na kalla na yi dariya ni kaɗai. Sauran wasan kuwa na goge shi bayan mai kyamara ya karɓi aikinsa, saboda kwamfutar ba ta da wuri.

Ban yi niyyar cutar da kowa ba. Gaskiyar magana ita ce ban ma tuna cewa akwai wani da abin zai taɓa ba. Na saba ganin mutane suna faɗuwa a wannan allon tun safe har yamma, Turawa da baƙaƙe da 'yan Chana, ban san gidan ko ɗaya ba. Da na ga Baban 'yan biyu a cikin allon, sai ya zama ɗaya daga cikinsu.

Mutum biyar ko shida na tura wa da hannuna. Sauran aikin bulutut ne ya yi. Kafin Juma'a, duk majalisar da ka wuce a Kpakungu za ka ga kawuna a haɗe a kan waya ɗaya, sai ka ji tim, sai a fashe da dariya. Wasu suka riƙa zuwa shagon suna tambayar "na tsohon nan", ina tura musu ina jin daɗi ana yaba aikina.

Sai abin ya fita daga cikin waya. Idan Baban 'yan biyu ya fito zai tafi kasuwa, wani zai ɓuya a bayan katanga ya ce tim. A wurin lodi, an ce abokan aikinsa sukan buɗe hannuwa su yi baya-baya kamar za su faɗi idan ya juya. Ya daina bi ta gaban shagona, ya koma zagayawa ta bayan masallaci. Na lura da hakan, na kuma san dalili, amma na gaya wa kaina ai wasa ne, kwana biyu za a manta.

Matarsa ce ta fara zuwa. Da hantsi ne, ba kowa a shagon. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ba ta kuma amsa gaisuwata ba. Hausarta irin ta mutanen Bida ce da suka koya da girma, takan sa ta mace a wurin namiji.

Ta ce, "Kai ne ka sa Baban 'yan biyu cikin waya?"

Na ce, "Mama, ai ba ni na ɗauka ba, mai kyamara ne."

"An ce kai ne ka gyara."



Ta ce, "Maigidana ta faɗi sau ɗaya. Kai ka sa ta faɗi sau uku. Yau kwana huɗu yarana ba su je makaranta ba. In sun shiga aji, yara su kwanta a ƙasa su buɗe hannu. Me muka yi maka?"

Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Na ce zan goge. Ta dube ni ta ce, "Na wayar mutane fa, za ka bi su gida-gida?" Ta gyara mayafinta ta tafi. Na goge na kwamfutar a take, na zauna ina kallon wurin da fayil ɗin yake, na san ban gyara komai ba.

Bayan kwana biyu, da aka sauko daga sallar Azahar, na ɗaga kai na ga Baban 'yan biyu a ƙofar shagon, ya toshe hasken. Na dubi hannunsa na dama, wanda ake naɗe wa zare, na ga yadda gaɓoɓin yatsun suka kumbura suka taurare tun shekaru. Ƙofa ɗaya ce da shagon, shi kuma yana tsaye a cikinta.

Ya yi sallama, na amsa. Ya zauna a benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Mai kwamfuta, so nake in gani."

Na ce, "Baba, wallahi na goge. Ka yi haƙuri, kuskure ne na yi, ban..."

Ya ɗaga hannu. "Ba rigima na zo yi ba. Kowa a garin nan ya ga abin nan sai ni. Wayata mai tocila ce, ba ta nuna hoto. Kuma ba zan ce wa wani a kasuwa ya nuna mini ba. Ni ban san yadda aka yi ba. Ina tuna an busa usur na turmi na uku, sai kuma na farka na ga silin ɗakina."

Na goge na kwamfuta, amma akwai shi a wayata, na manta ban cire ba, ko kuma ban so in cire ba. Na mayar da shi kan allon don ya fi gani sosai. Na kunna.

Ya matso da fuskarsa. Ya kalli kansa yana faɗuwa sau uku, da kiɗan, da ƙarar. Bai motsa ba. Ya ce in sake, na sake. A karo na biyu na ga yana kallon ƙafafun yaron, ba nasa jikin ba.

Ya ce, "Ta ƙasa ya zo. To. Ban gan shi ba kam." Ya juyo gare ni. "Wannan kiɗan fa? Ba shi aka yi a filin ba."

Na ce ni na sa.

"Da wannan tim ɗin?"

Na ce ni ne.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa farashin kaya. Na so ya zage ni. Maimakon haka sai ya ce, "Ina sauran?"

"Wane saura, Baba?"

"Turmi uku muka yi. An ce na yi abin kirki a na farko. Wani ya ce saura ƙiris hannun yaron ya taɓa ƙasa. Ban sani ba ko don ya faranta mini ne ya faɗa. Shi nake so in gani."

Na ce masa babu shi a wurina, amma zan nemo. Kafin ya tashi na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ya kai shi shiga, bayan shekarun da ya yi da bari. Ya juya hular a hannunsa. Ya ce kallo kawai ya je. Ashe cikin makaɗan da suka zo akwai wani tsoho da ya yi masa kiɗa a garinsu lokacin yana tashe. Tsohon ya hango shi a cikin jama'a, ya gane shi, sai ya juya kalangu ya buga takensa.

"Shekara goma sha wani abu ban ji shi ba," in ji shi. "Na ɗauka ma ba wanda ya san shi yanzu. Da na ji, ban san lokacin da na cire riga ba."

Ranar Asabar na rufe shago na hau acaɓa zuwa Tudun Fulani. Mai kyamara ya ce faifan damben da ya buga ya ƙare, kuma manyan wasanni kawai ya sa a ciki, na Baban 'yan biyu bai shiga ba. Amma ƙananan kaset-kaset ɗin da yake ɗauka da su suna nan a cikin wani kwali, sai dai ba ya rubuta komai a jikinsu, wasu kuma ya riga ya ɗora wani aiki a kai. Muka zauna a tabarma muna sa su a kyamara ɗaya bayan ɗaya, muna leƙa ɗan allonta. Na ga amare sun fi goma ranar nan, da raguna na suna, da wata walimar sauka. Sau biyu yana cewa in haƙura. Can wajen La'asar, a bayan wani kamun amarya, sai ga zana da buhuna da mutane a tsaye. Wasan Baban 'yan biyu ya tsira da kyar, domin bikin ya cinye wasanni biyu da suke gabansa.

Washegari Lahadi na aika a gaya masa. Ya zo bayan La'asar, sanye da farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na janyo ƙofar shagon rabi don kada masu turi su shigo. Ni ma ranar na fara ganin wasan.

Ya fi minti goma. An fara da shi yana tsaye ana naɗa masa zare, cikinsa ya ɗan fito, furfura a gemunsa, mutane na dariya tun kafin a fara. Yaron kuwa dogo ne, jikinsa kamar an sassaƙa. Amma da aka busa usur, Baban 'yan biyu ya duƙa, ya miƙa hannun hagu gaba, ya ja na dama baya, sai na ga wani mutum daban da wanda na sani yana ɗaukar doya. Ba ya tsalle-tsalle. Yaron ya kawo, ya kauce da kai kaɗai. Ya sake kawowa, ya sake kaucewa. Dariyar filin ta fara raguwa. A karo na uku da yaron ya kawo, Baban 'yan biyu ya shiga ta cikinsa ya sauke masa naushi a gefen kunne. Yaron ya yi taga-taga, gwiwarsa ta lanƙwashe, yatsunsa suka sauka har kusa da ƙasa, sannan ya miƙe da kyar. Filin ya ɗauki ihu, kyamarar ma sai da ta girgiza.

A kan bencin nan na ji numfashinsa ya canja. Ya ce, "Tsaya. Mayar." Na mayar. Ya ce, "Ka iya rage masa gudu irin na wancan?" Na rage. Muka ga yatsun yaron da ƙasa, tsakaninsu bai kai kaurin tafin hannu ba.

"Ashe gaskiya ne," ya ce.

A turmi na biyu numfashi ya fara yanke masa. Kana ganin ƙirjinsa na hawa da sauka, yana yawan riƙe yaron don ya huta. A na uku ƙafafunsa suka yi nauyi. Da muka zo wurin da na sani, na kai hannu zan tsayar, ya ce in bari. Naushin ya zo, ya faɗi, sau ɗaya, babu wata ƙara sai ihun mutane da kalangu.

Nan ne nawa ya ƙare, amma kyamarar ba ta tsaya ba. Mutanen yaron suka ruga za su ɗaga shi sama. Sai ya fizge jikinsa, ya ture na gabansa, ya zo ya durƙusa a gefen Baban 'yan biyu. Ya ɗago kansa ya ɗora a cinyarsa. Ya fizgi rigar wani da ke tsaye yana yi masa fifita da hannun hagu, na daman yana naɗe da zare ba ya iya riƙe komai da shi. Yana waige-waige yana ihu a kawo ruwa. Hayaniya ba ta bari a ji shi sosai, amma kana ganin bakinsa yana cewa Baba, Baba. Da aka kawo ruwan shi ya shafa masa a fuska. Da aka zo ɗaukarsa, shi ya kama kafaɗu, har suka fita daga hoton. Makaɗa suna ta buga taken yaron, babu shi a filin.

Bidiyon ya ƙare, allon ya yi baƙi. Baban 'yan biyu yana nan zaune, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu. Na ƙi kallon fuskarsa, na yi kamar ina gyara wayoyin bayan kwamfuta.

Can ya ce, "Ba wanda ya gaya mini wannan."

Na ce ni ma ban sani ba, ban kalla ba kafin in yanka.

"Mutum ɗari nawa ne a filin nan," ya ce, "duk wanda ya zo gaishe ni, faɗuwar yake ba ni labari."

Na buga masa wasan gaba ɗaya a faifai. Ya ce zai kai gidan maƙwabcinsu mai talabijin, 'yan biyu su gani da uwarsu. Daga baya matar ta wuce ta gaban shagon, na gaishe ta, ta amsa a taƙaice ba ta tsaya ba. Haka muka ci gaba da ita har ƙarshe, ban kuma ga laifinta ba. Yaran dai sun koma makaranta a makon.

Na yi ƙoƙarin yaɗa cikakken wasan kamar yadda na yaɗa guntun. Duk wanda ya zo turi sai in ce akwai cikakken damben tsohon nan, kyauta zan sa masa. Kaɗan ne suka karɓa. Wasu su ce ya yi nauyi, zai cinye musu memori. Wani ya kalli minti biyu a tsaye ya ce, "Kai mu wurin kisan mana." Guntun kuwa bai daina dawowa ba. Sai in buɗe memorin mutum in gan shi a ciki, an canja masa suna. Har wani direba ya taɓa kawo mini shi daga Kontagora yana cewa ga wani sabo da ban da shi. Idan na samu nakan goge ban gaya wa mai wayar ba, wani lokaci a gane a yi mini faɗa. Ba kuma zan ce na daina tura faɗa ba, domin da shi shagon yake tsaye. Abin da na daina shi ne yanka. Tsokanar da ake yi masa ta mutu ne da kanta bayan 'yan makonni, lokacin da wani bidiyon ya fito na wani mutum daban, a wani gari, aka koma kansa.

Kwana kaɗan bayan ya karɓi faifan, Baban 'yan biyu ya dawo bi ta gaban shagona. Wata safiya ya tsaya ya ce ko akwai yadda za a samu yaron nan. 'Yan damben sun daɗe da tashi, amma mai kyamara yana da lambar shugabansu. Sai da muka yi kusan mako muna kira, yau a ce ya fita, gobe a ce suna hanya. Ranar da aka haɗa mu da yaron da rana ne, na aika aka kira Baban 'yan biyu daga wurin mai shayi, na buɗe muryar wayar yadda duk za mu ji.

Da yaron ya gane wanda ke magana, sai muryarsa ta sauka. Ya ce, "Baba, ina wuni? Ya jiki? Wallahi tun ranar nan kana raina. Na tambaya aka ce ka tashi, amma ban samu wanda ya san gidanka ba."

"Jiki alhamdulillahi. Na ga abin da ka yi. A kwamfuta aka nuna mini. Allah ya yi maka albarka."

"Baba, ka yafe mini. Ni ban so in shiga da kai ba. Cewa aka yi idan na ƙi, na raina ka a gaban mutane."

"Da ka ƙi, da shi ne ba zan yafe ba," in ji Baban 'yan biyu. Ya gyara zama, ya matso da bakinsa kusa da wayar kamar yaron ba zai ji ba. "Amma saurara in gaya maka. Idan za ka kawo naushi kana sauke hannun hagu. Sau uku na ƙirga a turmin farko kaɗai. Ka ga inda na same ka? Ta nan ne. Da ina da numfashin da, da ba ka ga turmi na biyu ba."

Yaron ya yi dariya ya ce, "Wallahi Baba har yau kunnen nan yana yi mini ƙara."

Baban 'yan biyu ya kwashe da dariya har yana buga cinya. Shekaru muna unguwa ɗaya, ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Suka ɗan ƙara taɓa hira, ya tambayi tsohon makaɗin, aka ce yana nan lafiya, ya ce a gaishe shi. Da aka kashe wayar ya miƙe ya sa hularsa, ya ce zai koma kasuwa, ana jiran motar doya daga Paiko.

Bai sake shiga fili ba, a iya sanina. Mun ci gaba da gaisawa, wani lokaci yakan zauna a bencin idan rana ta yi zafi, ya kalli 'yan resilin na minti biyu ya ce waɗannan ba sa dukan juna da gaske, ka duba ƙafarsu. Lokacin da aka fara aikin madatsar ruwa ta Zungeru, wani ɗan garinsu ya samar masa aikin lebura a can, ya fara zuwa shi kaɗai, bayan wasu watanni ya dawo ya kwashe iyalinsa. Sun tashi wata ranar Laraba, ni kuma na shiga gari neman batirin janareta. Da na dawo mai shayi ya ce mini sun wuce tun hantsi, kuma Baban 'yan biyu ya tsaya a ƙofar shagon ya ga kwaɗo, ya ce a gaya mini ya zo sallama.